Zan iya gauraya bayodizal da etanol a injin dizal?

Tambaya: Malam, ina da motar ɗaukar kaya mai shan dizal, ina kuma da janareta da ba na tayarwa sai wuta ta ɗauke. Na ji ana cewa ana gauraya man dizal da bayodizal, wasu kuma sun ce in an ƙara etanol a kai hayaƙi yana raguwa sosai. Zan iya zuba duka biyun? Nawa ne ba zai cutar da inji ba?

Amsa: Malam, ka haɗa abubuwa biyu a tambaya ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Bayodizal kana iya zubawa, amma da sharuɗɗa. Etanol kuwa, wato sinadarin barasa da ake gaurayawa da fetur, kada ka haɗa shi da dizal da hannunka, ko kaɗan ne. Mutane suna ambaton su tare don dukansu daga tsirrai ake samun su, to amma inji ba ruwansa da inda mai ya fito. Abin da ya dame shi shi ne yadda man yake kamawa, da kaurinsa, da santsinsa. Ta wannan fuskar bayodizal ɗan gidan dizal ne, etanol kuma ɗan gidan fetur.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska zalla yake shaƙa, fistan ya matse ta ninki 15 zuwa 20 har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Saboda haka man da injin dizal yake so shi ne mai saurin kamawa da zarar ya haɗu da iska mai zafi. Ana auna wannan da lambar siten. Ƙa'idar Turai ta man dizal, EN 590, ba ta yarda da ƙasa da 51 ba. Ta Amurka, ASTM D975, ta tsaya a 40. Bayodizal mai kyau yana wajen 47 zuwa sama da 60, gwargwadon man da aka yi shi da shi. Etanol kuwa sitensa bai wuce 8 ko kusa da haka ba. Ƙin kamawa da kansa shi ne babban alherinsa a injin fetur, shi ya sa oktensa, wato lambar da ake auna ƙin kamawar da ita, ya haura 100, kuma wannan halin ne ya sa ya zama baƙo a injin dizal.

Bari mu fara da bayodizal, tunda shi ne mai yiwuwa. Abu na farko, bayodizal ba ɗanyen man tsirrai ba ne. Gaskiya ne a bajekolin duniya na birnin Paris a 1900 an tayar da ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, kuma masu son zuba ɗanyen mai a tanki suna yawan kafa hujja da wannan. Sai dai injin wancan zamani mai tafiya a hankali ne, ramukan nozul ɗinsa manya. Ɗanyen man tsirrai ya fi dizal kauri kusan ninki goma. A injin yau ba ya fesuwa ya zama ƙura-ƙura yadda ake so, sai ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo, ya ƙone rabi da rabi, ya bar dauɗa a bakin nozul, ya manne ringin fistan, ya gangara cikin baƙin mai ya daskarar da shi. Injin zai tashi, har ya yi makonni yana aiki lafiya, shi ya sa mutane suke ruɗuwa. Ɓarnar a hankali take taruwa.

Abin da ake yi shi ne a sarrafa man ta hanyar sinadarai. Ana haɗa shi da metanol, wani sinadari ɗan uwan etanol, a saka sodar ƙona ko 'yar'uwarta ta fotash don ta hanzarta aikin. A ƙiyasce, kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol suna ba da kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. Gilisarin ɗin, wanda shi ne tushen kaurin, yana kwanciya a ƙasa a cire shi, sannan a wanke man a busar da shi. Dabarar ba sabuwa ba ce: wani masani a Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar irinta da manja tun 1937. Ana yin sa da man waken suya, da manja, da man ƙwayar kanola, da kitsen dabbobi, da man suya da aka gama amfani da shi.

Harafin B da lamba da kake gani suna nuna yawansa a cikin gaurayen. B7 na nufin kashi 7 cikin 100 bayodizal, sauran dizal. B100 zallarsa ke nan. Ƙa'idar Turai ta yarda a saka har kashi 7 a dizal na gidan mai, ta Amurka har kashi 5 ba tare da an ɗauke shi wani mai na daban ba. Ma'ana, miliyoyin direbobi suna shan bayodizal kullum ba su ma lura ba. Wasu ƙasashen sun zarce haka nesa. Indonesiya, da yake manja ya yi mata yawa, ta wajabta B30 a 2020, ta koma B35 a 2023, ta kai B40 a 2025. Brazil ta fara tilasta B2 a 2008, ta hau a hankali har B14 a 2024. Don haka batun ko injin dizal zai iya shan sa an wuce wurin. Tambayar da ta rage ita ce injinka, da kuma ingancin man da za ka samu.

Amfaninsa guda biyu ne da nake ɗauka da muhimmanci. Na farko santsi. Famfon injekta da nozul ba baƙin mai ne yake shafe su ba a mafi yawan injuna, man dizal ɗin kansa ne. Da aka fara tace farar wuta daga dizal, aka sauke ta zuwa kashi 15 cikin miliyan a Amurka a 2006 da kashi 10 cikin miliyan a Turai a 2009, sai tacewar ta tafi da wani ɓangare na santsin man. Kashi 1 ko 2 na bayodizal kawai ya isa ya mayar da shi. Na biyu hayaƙi. Kusan kashi 11 cikin 100 na nauyin bayodizal iskar oksijin ce, don haka yana ƙonewa da tsabta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje a 2002, ta gano cewa B20 yana rage toka mai baƙi da kusan kashi 10, iskar kabon monoksayid da kashi 11, man da bai ƙone ba da kashi 21, amma sinadaran naitirojin oksayid suna ƙaruwa da kamar kashi 2. A tuna cewa tsofaffin injuna aka gwada. A sabuwar mota mai matacin toka a salansa, bambancin da ke fita waje ƙanƙane ne, don matacin ya riga ya kama kusan komai.

Ƙarfi fa? Litar bayodizal tana da kuzari ƙasa da ta dizal da kusan kashi 8. A B20 ragin bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, abin da direba ba zai ji a ƙafarsa ba. A B100 za ka ji, za ka kuma ga tanki yana saurin sauka.

Yanzu ga inda ake samun matsala, kuma nan ne ya kamata ka natsu. Bayodizal yana wanke abu. Tsohon tanki da ya shekara da shekaru yana shan dizal yana da laka a ƙasansa da jikin bututunsa. Ka zuba B20 ko sama da haka, sai ya kwance wannan lakar ya tura ta filta. Mota ta fara shaƙewa a hawa, mai ita ya ce man ne ba shi da kyau, alhali dattin tankinsa ne ya taso. Maganin mai sauƙi ne: ka ajiye filta ɗaya ko biyu a mota, ka canza da wuri a tankunan farko, bayan nan abin ya lafa. Haka nan yana cin roba irin ta da. Tiyon mai da sil na motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 sukan kumbura, su yi laushi, su fara tsatsafo in gaurayen ya yi yawa. Waɗanda aka yi da robar Viton ba abin da ke samun su. Jan ƙarfe, da tagulla, da tutiya, da darma kuma suna sa shi saurin lalacewa, don haka duro mai rufin tutiya ba wurin ajiyarsa ba ne.

Sai ruwa. Bayodizal yana jan danshi fiye da dizal nesa ba kusa ba. Inda ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, ƙananan halittu suna tsira a tsakanin ruwan da man, su yi yauƙi mai duhu da ke toshe filta, su fitar da tsami da ke cin ƙarfe. Ko ba ruwa, man da kansa yana tsufa in ya daɗe da iska da zafi, ya yi tsami, ya yi danƙo. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ƙarar da shi cikin wata shida. A nan ne amsar motarka ta rabu da ta janaretanka. Motar tana ƙarar da tanki ana sake cikawa, man ba ya kwana da yawa. Janaretan da ba a tayarwa sai wuta ta ɗauke kuwa, mansa yana iya yin watanni a zaune, kuma ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da zai ƙi tashi. Ni dai ba zan zuba fiye da B5 ko B7 a irin wannan janareta ba, ko da littafinsa ya yarda da B20.

Sanyi ma yana da nasa. Bayodizal yana fara yin gajimare ya toshe filta tun dizal bai ji komai ba. Na kanola yana jurewa har ƙasa da sifili kaɗan, na waken suya wajen sifili, na manja da na kitse kuwa tun wajen digiri 13 zuwa 15 sun fara daskarewa. Wanda yake ƙasa mai zafi ba zai damu ba, wanda yake inda ake sanyi dole ya rage gaurayen a lokacin hunturu.

Akwai kuma wata ɓoyayyiyar matsala ta sababbin motoci masu matacin toka. Domin ƙone tokar da ta taru, da yawansu suna fesa ƙarin mai a silinda bayan an gama ƙuna, don ya bi salansa ya ɗaga zafi. Wani ɓangare na wannan man yana bin bangon silinda ya sauka cikin baƙin mai. In dizal ne, zafin inji yana kore yawancinsa. Bayodizal ba ya tafasa sai wajen digiri 330 zuwa 350, don haka zama yake yi. Ka ja sandar awo ka ga baƙin mai ya ƙaru maimakon ya ragu, to ba albarka ba ce, ya tsinke ne. Shi ya sa kamfanoni da dama suke tsayawa a B7 ga ƙananan motoci, waɗanda suka yarda da B20 ko B30 kuma sukan ce a matso da lokacin juye. Littafin motarka ne alƙali a nan, ba maganar mai sayar da mai ba, kuma in motar tana cikin garanti, wuce abin da ya ce yana iya zubar maka da shi.

Duk wannan kuwa a kan man da ya cika ƙa'ida nake magana, EN 14214 ta Turai ko ASTM D6751 ta Amurka. A ganina yawancin sharrin da ake jingina wa bayodizal na haɗin bayan gida ne: ragowar gilisarin, ragowar sabulu, metanol da ba a kore ba, ruwan wanki da bai bushe ba. Tsohuwar tarakta mai famfon layi tana iya haɗiye irin wannan ta yi shiru. Injin zamani mai bututun haɗaka, wanda matsin mansa yake kaiwa ninki 2,000 na matsin iskar da muke ciki ko fiye, ba ya yafewa, kuma nozul ɗinsa ba abin arha ba ne.

To etanol. Waɗanda suka ce maka yana rage hayaƙi ba ƙarya suka yi ba. Kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, kuma an gwada gaurayen kashi 5 zuwa 15 a bas-bas da manyan motoci a ƙasashe da dama, baƙin hayaƙi ya ragu a zahiri. Abin tambaya shi ne me ya sa bayan duk waɗannan gwaje-gwajen, babu ƙa'idar man dizal ta EN 590 ko ASTM D975 da ta karɓe shi.

Na farko, ba ya son zama da dizal. Etanol da aka tsane shi sarai yana gauraya da dizal in ana zafi, amma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 10, ko ɗan ruwa ya shiga, sai su rabu gida biyu. Shi kuma etanol ɗin da ake samu cikin sauƙi yana da ruwa kashi 4 zuwa 5, domin tacewa ta tururi ba ta iya wuce nan. Irin wannan ba ya gauraya sam. Idan suka rabu a tanki, famfo zai iya jan etanol da ruwa zalla ya tura wa nozul. Na biyu, yana sauke siten, wuta ta riƙa jinkirin kamawa, man ya taru sannan ya fashe gaba ɗaya, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, tashi da safe ya yi wuya. Na uku, ba shi da kauri ba shi da santsi, famfon injekta yana aiki a bushe. Yana kuma tafasa a digiri 78, zafin da mai yake iya kusanta a cikin famfo, sai ya yi kumfa, kumfar ta riƙa fashewa tana ƙwaƙular ƙarfe. Kuzarinsa a lita ƙasa yake da na dizal da kusan kashi 40, don haka gaurayen kashi 10 zai ci maka kamar kashi 4 na tafiya.

Na san abin da za a ce maka: ai shi ya sa ake haɗa ukun. Kuma akwai gaskiya a ciki. Bayodizal yana jituwa da dizal yana kuma jituwa da etanol, don haka yana riƙe su kada su rabu, kamar dattijon da ya zauna tsakanin masu faɗa. Yana mayar da wani abu na siten, yana mayar da santsi, yana daidaita kauri. Masu bincike sun rubuta abubuwa da yawa a kan wannan haɗin, kuma a ɗakin gwaji yana aiki. Sai dai akwai matsala ta huɗu wadda bayodizal ba ya taɓa ta, ita ce kuma dalilin da ya sa na ce maka a'a tun farko.

Kowane mai yana da zafin da in ya kai shi, tururinsa zai kama in an kusanto da wuta. Na dizal sama da digiri 55 ne a ƙa'idar Turai, 52 a ta Amurka. Na bayodizal sama da 100. Na etanol digiri 13 kacal. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba a raba wannan lamba daidai da gaurayen. Etanol shi ne mai fara tashi, shi ne yake cika sararin da ke saman mai a tanki, don haka ko 'yan kashi kaɗan ka zuba, lambar gaurayen gaba ɗaya tana faɗowa kusa da 13. Ka ƙara bayodizal iya son ranka, ba za ta ɗaga ba.

Ka duba abin da ke saman mai a tankuna uku. A tankin dizal tururin ya yi kaɗan, ba zai kama ba. A tankin fetur tururin ya yi yawa har ya kore iska, shi ma da wuya ya kama a ciki sai a tsananin sanyi. A tankin da ke da etanol, tsakanin wajen digiri 13 zuwa 42, tururi da iska suna kan daidai ma'aunin da ke fashewa. Wannan kuwa shi ne zafin da tanki yake ciki kusan kullum. Tankin dizal ba a ƙera shi da wannan a rai ba: ba ragar tare wuta a bakinsa ko a mashaƙarsa, na'urar awon mai tana ciki da wayoyinta, kuma mutane sun saba sakaci da dizal. Bakanike yana walda kusa da tanki, mai janareta yana ƙara mai inji na aiki, wani yana leƙa tanki da ashana. Da dizal sau da yawa ana tsira da irin wannan ganganci. Da gaurayen etanol tartsatsi ɗaya ya isa, kuma wanda zai yi waldar bai san abin da ka zuba ba.

Ba wai etanol ba ya tuƙa injin matsi ba ne. Kamfanin Scania na Suwidin yana da bas-bas da suka yi shekaru suna yawo a Stockholm tun wajajen 1990 da man da ake kira ED95, kashi 95 etanol, ragowar kuma sinadarin taimaka wa kamawa da na santsi. Amma dubi abin da suka yi kafin hakan ta yiwu: sun ɗaga matsin silinda zuwa ninki 28, sun faɗaɗa nozul don ya ba da mai da yawa, sun canza sil da bututu, sun tsara tanki da wurin shan mai irin na mai saurin kamawa. Inji suka sake domin man. Akwai kuma masu fesa etanol ta hanyar shigar iska daga tanki na daban, dizal ya zama shi ne mai kunna wuta, wannan ma aikin injiniya ne mai na'urar sarrafawa, ba na jarka da mazurari ba.

Ga motarka, buɗe littafinta ko ka duba murfin tanki. In an rubuta B7, tsaya nan. In an yarda da B20, kana iya hawa, amma fara da ƙarami, ka zubar da ruwan da ke ƙasan filta akai-akai, ka riƙa jan sandar baƙin mai kana dubawa, ka sayi man daga wanda zai iya nuna maka takardar gwaji. In inda kake ana samun man da ake kira HVO, wanda shi ma daga man tsirrai da kitse ake yi amma da iskar haidurojin, ya fi dacewa da janaretanka: sitensa ya haura 70, ba ya jan ruwa kamar bayodizal, yana kuma daɗewa a ajiye, sai dai shi ma a tabbata mai injin ya amince da ƙa'idarsa, EN 15940.

In kuma har an riga an zuba etanol a ɗaya daga cikinsu, ko fetur mai etanol bisa kuskure, kada ka tayar, kada ma ka murɗa makulli, domin a motoci da yawa murɗawar kaɗai tana sa famfon tanki ya fara tura mai. A zuƙe tankin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da sigari, ba da famfon lantarki na ruwa ba, a canza filta, a cika da dizal, a fitar da iska daga layi, sannan a tayar. Man da aka zuƙe kuma a rubuta a jikin jarkarsa cewa yana kamawa kamar fetur.